Maganin zuciya marar izini: arahar da ke cin rai



Yau maganarmu ta shafi maganin ciwon zuciya da na hawan jini, cutar da da yawa daga cikinmu ke ce ma tansiyo. Duk ranar kasuwa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, muna ganin masu tallar magani. Wani bisa tire yake ɗauke da shi, wani bisa tebur ya baza shi, wani cikin kwali ya ɗaure shi a bayan babur. Cikin kayansu akwai maganin ciwon kai da na masassara, akwai kuma ƙwayoyin zuciya. Irin wannan magani bai biyo ta hanyar hukuma ba, kuma babu wanda ya tabbatar da abin da ke cikinsa.

Ra'ayina a nan shi ne: kada mai ciwon zuciya ya ɗora ransa bisa irin wannan magani. Amma hani kaɗai ba ya isa. Wanda ya je wurin mai tire, tsada da nisa ne suka kai shi. Muddin maganin ƙwarai bai zo kusa da talaka ba, da kuɗin da zai iya biya, to mai tire ba zai rasa ciniki ba.

Mene ne izinin magani?

Kafin a sayar da kowane magani cikin ƙasa, doka ta ce sai kamfanin da ya yi shi ya nemi izini ga hukumomin kiwon lafiya. Masana su duba takardunsa. Su san inda aka yi shi, da abin da aka sa cikinsa, da yawan abin. In sun gamsu, sai a rubuta sunansa cikin littafin magungunan da aka yarda da su. Wannan shi ne izini. In wata rana aka gano aibi ga maganin, an san wanda za a tambaya, an san shagunan da za a je a kwashe shi.

Maganin da ba shi da izini iri uku ne. Na farko, maganin gaske ne, amma an shigo da shi ta fasa-ƙwauri, babu wanda ya san yadda aka aje shi a hanya. Na biyu, an yi shi da ganganci, ƙarfinsa bai kai abin da aka rubuta bisa kwali ba, ko ya wuce. Na uku, jabu ne tsantsa: gari ne ko alli aka dunƙule aka yi ma launi. Abin takaici, dukansu uku kamarsu ɗaya ga ido. Mai saye ba ya iya rarrabe su. Shi kansa mai tallar bai san wanne yake riƙe da shi ba, don shi ma sarowa ya yi.

Iyakarmu da Najeriya ta kai wajen kilomita 1500, kuma kaya da yawa na shigowa ta nan. Wasu kwalayen suna ɗauke da lambar NAFDAC, hukumar da Najeriya ta kafa a 1993 don kula da abinci da magani. Lambar izinin Najeriya ce, kuma masu yin jabu sun iya kwaikwayonta. Ganin lamba bisa kwali ba ya wanke maganin da aka baza cikin rana.

Abin da ya sa na zuciya ya fi haɗari

Kowane manomi ya san sharrin mugun iri. Ranar da ka saye shi, ƙwayarsa kyakkyawa ce. Ka shuka, ka jira, sai bayan ruwa ya yi nisa ka gane bai tsira ba. Lokacin nan damina ta riga ta tafi. Haka maganin hawan jini marar ƙarfi yake.

In ka sha maganin ciwon kai bai yi aiki ba, kafin la'asar ka sani, don kan bai daina ciwo ba. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya da alama ko ɗaya. Mutum na noma, yana cin kasuwa, yana jin ƙarfinsa, alhali jinin na tunkuɗar jijiyoyinsa fiye da kima. In awo ya nuna 14 da 9 ko fiye, sau biyu a ranaku dabam-dabam, likita zai ce akwai hawan jini. Wanda ke shan ƙwaya marar ƙarfi yana zaton ya tsira. Wata da watanni zuciya na wahala, ƙoda na lalacewa, ido na raguwa. Ranar da abin zai bayyana, sai a ga mutum ya faɗi, ɓarin jikinsa ya mutu, bakinsa ya karkace. Sai a ce iska ce ta buge shi, alhali jijiya ce ta toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa.

Na biyu, maganin zuciya ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane da mai shi. Ga misalai.

Amlodipine da captopril suna sassauta jijiyoyin jini don jinin ya sauka. Amma captopril na cutar da ɗan da ke cikin ciki, don haka ba a ba mace mai juna biyu shi. Mai tire ba ya tambayar mace ko tana da ciki.

Furosemide, wanda aka fi sani da Lasilix, yana fitar da ruwan da ya taru a ƙafafu da huhu ta hanyar fitsari. In aka sha shi ba bisa ƙa'ida ba, musamman lokacin zafi, yana ƙafar da jiki, ya kwashe wani gishiri da zuciya ke bukata don bugawa daidai.

Atenolol na rage gudun zuciya. Wanda ya saba shansa, in ya bari farat ɗaya, zuciyar na iya tashi da gudu har ta kai shi ga halaka. Yau mai tire na da shi, kasuwa mai zuwa babu.

Digoxine kuwa, tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke zama guba, tazarar kaɗan ce ƙwarai. Ƙwayar da ƙarfinta ya wuce kima dafi ce.

Na uku, zafi da laima suna kashe ƙarfin magani. Bisa kwalaye da yawa an rubuta a aje su inda zafi bai wuce digiri 25 ko 30 ba. A ƙasarmu, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40 ko a inuwa. Ƙwayar da ta wuni bisa tire, ta zaga kasuwanni bakwai cikin mako, ko da ta fito daga kamfani da ƙarfinta, ba mu san abin da ya saura gare ta ba.

Abin da awo ya nuna

Wannan magana an auna ta. Daga 2012 zuwa 2014, likitocin zuciya na Afirka da na Faransa sun sayi magungunan zuciya iri 7 a ƙasashe 10 na Afirka, cikinsu har da Nijar. Sun saya a farmasi, sun saya a kasuwa. Aka auna samfuri 1530 a birnin Paris, aka fitar da sakamakon a 2017. Kashi 16 cikin 100 ba su da inganci, wato kusan 1 cikin kowane 6. Ga amlodipine abin ya kai kashi 29, ga captopril kashi 26. Cikin waɗanda aka yi a nahiyar Asiya kuma aka sayar a kasuwa, rabi ne ba su da inganci.

Mu tsaya mu duba wannan rabin. Wa zai sayi iri in an gaya mashi buhu ɗaya cikin biyu ba ya tsira? To ga shi muna sayen irinsa don zuciyar uwa ko ta uba.

A 2017 ɗin nan kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ko jabu ne ko ba shi da inganci. Mu a Nijar mun ɗanɗana. Lokacin annobar sanƙarau ta 1995, mutum fiye da dubu 50 aka yi ma allurar rigakafi ta jabu. Sun koma gida suna zaton sun tsira, alhali babu abin da ya kare su.

Gaskiya ɗaya kuma ba za mu ɓoye ta ba: wancan awo ya samu magani marar inganci har cikin farmasi. Sai dai farmasi na da suna, na da mazauni, na da takardun inda ya saro kayansa. In an samu aibi, ana iya bin sawu. Mai tire kuwa, in kasuwa ta watse, shi ke nan.

Me ke kai mutane wurin mai tire?

Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Bai dace mu zauna muna zagin wanda ya sayi maganin kasuwa ba tare da mun dubi halin da yake ciki ba.

Na farko, nisa. Farmasi a birane suka taru. Mutumin ƙauye sai ya biya kuɗin mota zuwa da komowa, ya bar gonarsa wuni guda, wani lokaci ya tarar maganin da aka rubuta mashi ya ƙare. Mai tire kuwa har ƙofar gida yake zuwa.

Na biyu, tsada. Mafi yawan magungunan da muke sha daga waje ake sayo su. A watan Janairu na 1994, da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, abin da ake biya don sayo kaya daga waje ya ninka. Tun lokacin cinikin maganin kasuwa ya ƙara ƙarfi a ƙasashenmu.

Na uku, yadda ake sayarwa. Farmasi na son ka ɗauki kwali ko falle. Mai tire na sayar da ƙwaya biyu, ƙwaya uku, gwargwadon dalolin da ke aljihunka, har bashi yana bayarwa.

Na huɗu, shi ne babba: hawan jini ba masassara ba ce da za a yi ma magani kwana uku a huta. Ga mafi yawan masu shi, shan magani na kullum ne har ƙarshen rayuwa. A 2006 gwamnati ta ɗauke ma iyaye kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, ta ɗauke ma mata kuɗin awon ciki. Wannan mataki bai haɗa da dattijo mai hawan jini ba. Shi daga rumbunsa yake biya, wata bayan wata, har cikin watannin da hatsi ya ƙare kuma sabo bai nuna ba.

Mu yi lissafi

Duk da haka, araha ba ta ado. Bari mu ɗauki misali, kowa ya sa kuɗin garinsu a madadin nawa. A ce maganin wata guda a farmasi jika 2 ne, na mai tire jika 1. Cikin shekara, na farmasi ya ci jika 24, na mai tire jika 12. Ribar da aka samu jika 12 ce.

To yanzu a ce ƙwayar ba ta yi aiki ba, maigida ya faɗi cikin damina. A lissafa kuɗin motar da za ta kai shi babbar likita. A lissafa kuɗin gado, da allurai, da awon jini, da abincin masu jinya. A lissafa gonar da ba a nome ba, da ɗan da ya baro aikinsa ya komo gida, da matar da za ta riƙa ɗaga shi tana kwantarwa shekara da shekaru. Akuya nawa za a sayar? Sa nawa? Jika 12 ɗin nan ba ta biyan ko kwana biyu na wannan wahala. Kuma hannun da ya mutu ba kullum yake komowa ba.

Abin da ya rataya ga hukuma

A watan Janairu na 2020, a birnin Lome, wasu ƙasashen Afirka, har da Nijar, sun yi alkawarin tsananta hukunci bisa masu fataucin jabun magani. Alkawari ne mai kyau. Kama kaya da ƙona su a bainar jama'a shi ma yana da amfani. Amma in aka ƙone kayan mai tire ba a kawo madadinsu ba, majiyyaci ya koma gida hannu wofi, kuma mako mai zuwa wani mai tiren zai zo. Ga abin da nake ganin ya kamata.

1. Magungunan hawan jini na yau da kullum su kasance a kowace likitar karkara, kada su yanke. Ƙasa na da ma'aikatar ONPPC wadda aka ɗora ma sayo magani da rarraba shi. Amlodipine da hydrochlorothiazide tsofaffin magunguna ne, kamfanoni da yawa na yin su, ba su da tsada ga mai saye da yawa.

2. A ba jenerik muhimmanci, amma a auna shi. Jenerik shi ne maganin da ake sayarwa da sunansa na asali, ba da sunan da wani kamfani ya laƙaba mashi ba, shi ya sa ya fi araha. Awon da muka ambata ya nuna an fi samun aibi cikin jenerik. Saboda haka a ƙarfafa LANSPEX, ɗakin awon ƙasa da ke Yamai, ya riƙa auna kaya kafin su shiga, ya riƙa kuma ɗauko samfuri daga shaguna ba tare da sanarwa ba.

3. A rubuta kuɗin kowane magani da manyan baƙaƙe, da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a manna a ƙofar likita da ta farmasi. Wanda ya san kuɗi ba a cutarsa.

4. Wanda jininsa ya daidaita, a riƙa ba shi maganin wata biyu ko uku gaba ɗaya, don a rage mashi kuɗin mota.

5. Hukunci ya fara daga manyan masu shigo da kaya mota-mota. Yaron da ke yawo da tire reshe ne, gindin na wani wuri.

Abin da ya rataya gare mu

Kafin hukuma ta yi nata, akwai abin da ke hannunmu.

1. A je a auna jini. Awon ba ya da zafi, ba ya cin lokaci. Duk babba ya kamata ya san awonsa, balle wanda ya kai shekara 40, ko wanda iyayensa suka yi cutar. Kada kowa ya fara shan maganin zuciya don ya ga maƙwabcinsa na sha.

2. A sayi magani a likita, ko farmasi, ko ɗakin sayar da magani da hukuma ta yarda da shi.

3. A gaya ma likita gaskiyar aljihu. Ka ce mashi: "Likita, ƙarfina kaza ne a wata, ka rubuta mani jenerik da zan iya saye kullum." Babu kunya cikin wannan. Magani mai sauƙin kuɗi da ake sha kowace rana ya fi mai tsada da ake sha mako ɗaya a bari.

4. A karanta kwali. A nemi haruffa EXP, a gabansu akwai wata da shekarar da maganin ke lalacewa. In an ga 03/2027, ana nufin watan Maris na 2027. A dubi sunan maganin da lambar ƙarfinsa, kamar 5 mg ko 10 mg, a gwada da takardar likita. In ƙwayar ta canza launi, ko tana marmashewa, ko an kankare rubutun kwalin, a maida ta. Wanda ya iya karatu ya duba ma wanda bai iya ba.

5. A riƙe ɗan littafi, a rubuta awon jini da ranar da aka yi shi. In ana shan magani kullum amma awon bai sauka ba, a kai ma likita kwalin ya gani. Littafin nan shi ne zai tona asirin ƙwaya marar ƙarfi tun ba ta yi ɓarna ba.

6. Kada a bar magani don an ji sauƙi. Sauƙin aikin maganin ne. Wanda zai yi azumi ko doguwar tafiya ya shawarci likita tun da wuri.

7. A aje magani cikin ɗaki mai sanyi, nesa da murhu, nesa da hannun yara.

8. A rage gishiri, da dunƙulen miya, da kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a rana ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. A bar taba. A yi hattara da diclofenac da ibuprofene da ake sha don gajiyar noma, da ƙwayoyin sa ƙiba irin su dexamethasone: suna riƙe ruwa a jiki, suna hawar da jini.

Ga mata akwai ƙarin magana. Ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, likitoci sun daɗe da lura da haka. In maijego ta fara kumburin ƙafafu, numfashi na yi mata wuya, ba ta iya kwanciya sai a zaune, a kai ta likita ranar nan. Kada a ƙara mata kunun kanwa, kada a sayo mata ƙwayar fitsari a kasuwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Manomi na samun kuɗi da kaka, cuta kuwa ba ta san kaka ba. Ranar da ake ware hatsin iri da na ci, a ware na magani. In an san kuɗin wata guda, a ninka shi sau 12, a san tiya nawa ta wake ko ta gyaɗa za ta biya shi, a aje ta gefe.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun ga yadda bankin cimaka ke ceton gari lokacin da hatsi ya yi tsada. Mun ga asusun Mata Masu Dubara, wanda ya faro a jihar Maraɗi a 1991, yadda ƴan dalolin mako-mako suka zama jari. Masu hawan jini na gari ɗaya su ma suna iya haɗa kai. Su yi asusu, su aiki mutum ɗaya amintacce da takardunsu na likita ya sayo ma kowa a farmasi, kuɗin mota ɗaya maimakon goma. Su kuma je ga kwamitin da ke kula da likitar garinsu, su ce: "Mu kaza ne, ga magungunan da muke sha, a riƙa sa su cikin odar kowane wata." Bukatar da aka rubuta da suna da adadi ta fi saurin samun amsa bisa kukan mutum ɗaya.

Masu gari, shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata, wannan magana taku ce. Ku tashe ta a taro, ku kai ta gaban magajin gari da likitan gunduma. Dattijon da ya faɗi, gida guda ne ya rasa mai noma da mai shawara.

Ku karanta ma waɗanda ba su samu wannan jarida ba. Kasuwa mai zuwa, kafin a shiga rumfar hatsi, a biya ta likita a auna jini. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.